Lady Snowblood a Faifan Criterion: Kaya Mai Kyau, Bayani Kaɗan

A watan Janairun 2016 kamfanin Criterion na Amurka, wanda ya yi suna wajen tsamo tsofaffin finafinai yana wanke su yana sake fitar da su, ya saki faifan Blu-ray mai suna The Complete Lady Snowblood. Faifan ya ƙunshi finafinai biyu na ƙasar Japan da darakta Toshiya Fujita ya shirya, na farko a 1973, na biyu a 1974, kuma Meiko Kaji ce jaruma a dukkansu. Farashin da kamfanin ya sanya masa dala 39.95 ne, kuɗin da idan aka juya shi zuwa naira ko sefa, aka ɗora ladan aikowa a kai, ya isa mutum ya tsaya ya yi tambaya kafin ya zura hannu a aljihu. Hukuncina a taƙaice shi ne fim na farko shi kaɗai ya biya kuɗin, na biyu kuwa gyara ne da mai awo ya ƙara a kan mudu, amma kamfanin ya yi rowar bayani a daidai wurin da mai kallo ya fi bukatarsa.

Kafin a shiga cikin kwalin ya kamata a san kasuwar da ta haifi irin waɗannan finafinai, domin faifan da kansa bai ɓata lokaci wajen bayyana ta ba. A 1958 gidajen silima na Japan sun sayar da tikiti fiye da biliyan ɗaya a shekara guda, amma da talabijin ta shiga gidaje sai jama'a suka janye, har zuwa 1970 adadin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba. Kamfanin Daiei ya karye a 1971, kuma a wannan shekarar ce Nikkatsu, ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin fim na ƙasar, ya karkata kusan gaba ɗaya zuwa shirya finafinan batsa masu labari domin ya tsira da ransa. Toei kuwa ya kama tasa hanyar, yana fitar da jerin finafinan 'yan mata 'yan daba, da matan kurkuku, da mata 'yan caca masu takobi, inda ake cakuɗa ramuwar gayya da zubar da jini da tsiraici, da jarumai irin su Reiko Ike da Miki Sugimoto. Lissafin 'yan kasuwar a bayyane yake: a ba saurayin da ya biya kuɗin tikiti abin da talabijin ba za ta iya nuna masa a falon gidansu ba. An yi su da sauri, da kuɗi kaɗan, kuma muddin darakta ya cika sharaɗin jini da fata, ba kasafai ake sa masa ido a kan sauran abin da ya zuba a ciki ba. Ta wannan kafar ce wasu masu basira suka shigar da siyasa da gwanintar hoto cikin kayan da aka yi don a cinye a mako biyu a manta.

Meiko Kaji, wadda aka haifa a 1947, ta tashi ne a Nikkatsu, inda ta yi aiki da Fujita a jerin finafinan Stray Cat Rock. Da kamfanin ya koma sana'ar batsa sai ta tattara nata ya nata ta koma Toei, inda a 1972 ta fito a Female Prisoner 701: Scorpion na Shunya Ito, fim ɗin da ya kafa ta a matsayin macen da ba ta cika magana ba amma kallonta ya isa tashin hankali. Lady Snowblood kamfanin Toho ne ya rarraba shi, kuma an ɗauko labarin daga littafin zane da Kazuo Koike ya rubuta, Kazuo Kamimura ya zana, wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi a wata mujallar maza ta mako-mako daga 1972 zuwa 1973. Wannan Koike ɗin shi ne marubucin Lone Wolf and Cub, wani littafin zanen da shi ma aka mayar jerin finafinai, saboda haka duk wanda ya san yadda jini ke tsartuwa a waɗancan finafinai ba zai yi mamakin abin da zai gani a nan ba.

Labarin fim na farko, mai tsawon minti 97, ya fara ne a gidan yarin mata a 1874, ana zuba dusar ƙanƙara a waje, wata fursuna mai suna Sayo tana naƙuda a tsakiyar 'yan uwanta fursunoni masu jajayen tufafi. Ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Yuki, uwar kuma ta cika bayan ta bar wasiyya cewa wannan jaririya an haife ta ne don fansa. Daga baya ne ake warware mana abin da ya kai ta kurkuku. Mijinta malamin makaranta ne da aka tura wani ƙauye, ya isa da matarsa da ɗansu yana sanye da fararen kaya irin na Turawa, wasu 'yan damfara huɗu, maza uku da mace ɗaya, suka kashe shi suka kashe yaron, suka yi wa matar fyaɗe. Ta samu ta soke ɗaya daga cikinsu, aka yanke mata ɗaurin rai da rai, ta ga ba ta da sauran hanyar kai wa ga ukun da suka rage, sai ta riƙa ba da kanta ga gandirobobi da gangan har ta sami ciki, domin abin da za ta haifa ya ƙarasa mata aikin. Wani limamin addinin Buda mai suna Dokai ya ɗauki yarinyar ya horar da ita ba tare da tausayi ba, har da cusa ta cikin ganga a gangaro da ita daga kan tudu, kuma da ta cika shekara 20 ta fita farautar mutanen da ba ta taɓa gani ba, da takobi ɓoye a cikin mariƙin laimarta.

A nan ne ƙorafina na farko a kan faifan ya taso. Mai kallon da bai san tarihin Japan ba zai ga an kashe mutum saboda farin kaya kawai, ya ɗauka shirme ne irin na masu shirya fim, alhali abin yana da tushe mai ƙarfi. Gwamnatin Sarki Meiji da ta hau mulki a 1868 ta kafa dokar shiga soja ta dole a 1873, kuma a sanarwar da ta gabaci dokar an kira wannan hidima harajin jini. Manoma da yawa suka fahimci cewa jininsu za a zuƙe a zahiri, jita-jita ta bazu cewa masu fararen kaya ne ke yawo suna wannan aiki, aka yi tarzoma a yankuna da dama a wannan shekarar, mafi muni a yankin da yake cikin Okayama ta yau. Dokar ta kuma ba da damar mutum ya fanshi kansa daga aikin soja da yen 270, kuɗin da ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, kuma wannan adadi ne 'yan damfarar cikin fim ɗin suka riƙa karɓa daga ƙauyawa da sunan za su kuɓutar da 'ya'yansu. Kashe malamin ya yi musu amfani, domin sun nuna shi a matsayin ɗan gwamnati, suka fake da hayaniyar suka gudu da kuɗin. Hatta ɓoye takobi a cikin laima yana da dalili, tunda dokar 1876 ta haramta yawo da takobi a fili ga kusan duk wanda ba soja ko ɗan sanda ba. Fim ɗin ya taɓo batun harajin a gurguje, da zane-zane da muryar mai ba da labari, amma cikin kayan ƙarin da kamfanin ya haɗa babu wani shiri da masanin tarihi ko masanin fim ya zauna ya shimfiɗa waɗannan abubuwa. A kamfanin da ya saba cika faifansa da sharhi har ya yi yawa, wannan giɓi ne babba.

Hoton kuwa sai dai a yaba. An sabunta finafinan biyu a ma'aunin tsabtar hoto na 2K, an bar su a faɗinsu na asali na 2.35:1, kuma duk wanda ya taɓa ganin fim na farko a tsohon kwafi mai hazo zai ji kamar yau ya fara ganinsa. A fitowar Yuki ta farko, inda ta tare wani shugaban 'yan daba a cikin keken da mutum ke ja, a wani lungu da dusar ƙanƙara ta rufe, ana iya ganin saƙar farin kimononta, wato doguwar rigar gargajiyar Japan, da launin shunin laimar, da yadda ƙanƙarar ke sauka ɗaya bayan ɗaya a kan baƙin gashinta kafin ta zare takobin. Jinin da ke biyo baya ja ne jawur, mai kauri kamar fenti, yana feshi da ƙarfin da babu jikin ɗan Adam da zai iya, kuma tsabtar faifan ta ƙara tona cewa ba a yi shi don ya yi kama da gaskiya ba. An yi shi ne don ya zauna a kan fari, a kan tufafi da ƙanƙara da fuskar jaruma, kamar yadda mai zane zai ɗiga ja a kan takarda. Masaki Tamura, wanda ya ɗauki hoton, ya fito ne daga finafinan gaskiya, domin shi ya ɗauki gwagwarmayar manoman Sanrizuka da suka ƙi a ƙwace gonakinsu don gina filin jirgin saman Narita, kuma ana ganin wannan tarbiyya a yadda kyamararsa ke rawa a hannu a unguwar mabarata da bakin teku, sannan ta tsaya cak idan ta iso fuskar Kaji.

Akwai ja-in-ja a tsakanin masu tara faya-fayai game da hasken wannan bugun, domin ya fi na kamfanin Arrow na Ingila, wanda ya fito a 2012, haske da ƙarfin launi sosai. Ni na fi karkata ga na Criterion a mafi yawan wurare, saboda fim ne da aka gina a kan faɗan fari da ja, kuma idan farin ya dushe rabin armashin ya tafi. Sai dai a wasu fitowar rana, musamman a waje, farin yakan yi ƙarfi har ya nemi haɗiye ƙananan abubuwan da ke cikinsa, fatar mutane kuma takan ɗan yi ja fiye da kima. Wanda talabijin ɗinsa ke kan saitin da ake baje kolinsa da shi a shago, mai ƙyalli da yawa, gara ya mayar da shi saitin silima kafin ya kunna, in ba haka ba idonsa zai gaji tun kafin a kai rabi. An kuma matse finafinan biyu da kayan ƙari a faifai guda, abin da na so a ce an raba, ko da yake ban ga wata illa a hoton da zan iya ɗora wa wannan matsi kai tsaye ba.

Sautin na asali ne, mai fita ta hanya guda, ba a yi masa kwaskwarimar zamani ba, kuma hakan ya yi daidai. Muryoyi suna fita tas, ƙarar takobi da tsartuwar jini suna da kaifi, kiɗan Masaaki Hirao na fim na farko kuma, wanda ke tsalle daga salon gargajiya zuwa na shekarun 1970 ba tare da neman izini ba, bai shaƙe ba. Waƙar fim ɗin, Shura no Hana, Kaji ce da kanta ta rera, kuma ita ce Quentin Tarantino ya ɗauka ya sanya a Kill Bill na 2003 bayan faɗan da aka yi a lambu mai dusar ƙanƙara. Tarantino bai tsaya a waƙa ba, ya ɗauki rarraba labari babi-babi, ya ɗauki hoton da ake kallon maƙiya daga ƙasa suna tsaye a kan wanda suka kayar, ya ɗauki mace mai farin kimono da takobi. Da yawa daga masu sayen wannan faifai ta wannan ƙofa suka shigo, kuma babu laifi a hakan, sai dai za su tarar da fim mai baƙin ciki fiye da wanda ya kwaikwaye shi. Fassarar da ke bi a ƙasan allo ta Ingilishi ce kaɗai, a rubuce take da kyau kuma ba ta gudu, amma babu ta Faransanci balle ta Larabci, kuma babu muryar da aka ɗora a wani harshe, saboda haka wanda ya saba da finafinan fassara inda mai magana ɗaya ke ɗauke masa nauyin karatu, a nan sai ya karanta da kansa.

Batun tsiraici yana bukatar a faɗe shi a fili, domin sunan da wannan rukunin finafinai ya yi zai iya yaudarar mutum ta fuska biyu. Wanda ya sayi faifan yana neman batsa zai yi asarar kuɗinsa. A littafin zanen Yuki takan yi amfani da jikinta a matsayin tarko, takan ma yi faɗa ba tufafi, amma a fim ɗin an cire kusan duk wannan, Kaji tana rufe ruf daga wuya har idon sawu tun daga farko har ƙarshe. Idan aka kwatanta da Sex and Fury na Norifumi Suzuki, wanda Toei ya fitar a wannan shekara ta 1973, shi ma a zamanin Meiji, shi ma macen da ke neman fansar mahaifi, inda Reiko Ike ta fito daga wanka ta yi faɗan takobi tsirara a cikin ƙanƙara, za a ga cewa Fujita da jarumarsa sun zaɓi wata hanya daban da gangan. Wanda kuma ya ji haka ya ɗauka fim ne da za a kunna a tsakar gida, shi ma ya yi kuskure. Akwai fyaɗen da aka yi wa Sayo, akwai ɗan gajeren jerin hotunanta da gandirobobi, a fim na biyu akwai kwanciyar miji da mata da aka nuna ba tare da sakayawa sosai ba, ga azabtarwa, ga yanke gaɓoɓi, ga wata gawa da aka raba biyu da sara ɗaya. Kallon babba ne shi kaɗai, ko da wanda ya san abin da ya zo gani, ba na yara ba ne kuma ba na zaman iyali ba ne.

Abin da ya ɗaga fim na farko sama da takwarorinsa shi ne yadda ya ƙi barin fansar ta yi daɗi. Mutum na farko da Yuki ta samu, Banzo, ta tarar da shi ya zama tsohon mashayi mara lafiya, yana maguɗi a gidan caca, yana rayuwa da kuɗin da 'yarsa Kobue ke kawowa. Yarinyar tana saƙa wasu kwanduna na gora da sunan sana'a, amma a ɓoye jefa su take yi a teku ta je ta sayar da kanta, ta dawo da kuɗin ta ce ciniki ta yi. Yuki ta haɗu da ita, ta ji tausayinta, har ta yi mata kyauta, sannan ta ja ubanta zuwa bakin duwatsun teku ta tambaye shi ko ya tuna, ya durƙusa yana roƙo, ta sare shi, igiyar ruwa ta riƙa wanke gawar tana komawa ja. A wannan wuri kyamara ta daɗe a kan fuskar Kaji, kuma abin da ke kanta ya wuce fushi, ya fi kama da gajiyar wanda aka ɗora wa bashin da ba shi ya ci ba. Ta san ta mayar da Kobue abin da ita kanta take, kuma fim ɗin bai manta da wannan yarinya ba. Mutum na biyu kuwa aka ce mata ya riga ya mutu a hatsarin jirgin ruwa, ta je kabarinsa ta rasa abin sara sai dutse da furanni. Duk lokacin da ta kusa cika burin uwarta sai a ƙwace mata daɗin cikawar, kuma wannan tsari ne ya sa minti 97 ɗin ba su zama jerin kashe-kashe kawai ba.

Kaji tana yin wannan aiki da abu kaɗan ƙwarai. Ba gwanar takobi ba ce irin jaruman da suka shekara suna wannan sana'a, faɗanta gajere ne, sara biyu ko uku an gama, kuma sau da yawa yankan hoto ne ke rufa mata asiri. Wanda ya taso da finafinan 'yan Chana, inda jarumi da bos za su kwashe minti goma suna musayar hannu, zai iya jin an yi masa ƙwauro. Ƙarfinta yana cikin tsayuwa da kallo, da yadda take sunkuyar da kai kaɗan ta ɗago ido, da 'yan wuraren da fuskar ke neman narkewa ta kuma daskare. Babi na ƙarshe, wanda aka yi a wurin rawar manyan gari masu kwaikwayon Turawa, ƙarƙashin tutar Japan da ta Amurka, ya fito da abin da ke cikin zuciyar masu fim ɗin: ɓarayin ƙauye na jiya su ne 'yan kasuwar makamai na yau, suna cin ribar ƙasar da ke shirin yaƙi. Ba zan faɗi yadda aka ƙare ba, sai dai in ce saka ɗan jarida Ryurei a tsakiyar labarin, da dangantakar da aka ƙulla masa daga baya, shi ne wuri guda da na ji hannun marubuci ya fito fili yana tura al'amura.

Fim na biyu, Love Song of Vengeance, mai minti 89, ya buɗe da abin da ya fi komai kyau a cikinsa: Yuki tana saukowa ta wata doguwar hanya tana tafiya a hankali, maza suna far mata ta gaba da baya, tana sare su ba tare da ta canja taku ba, kyamara tana ja da baya a gabanta ba a yanke ba. Bayan wannan sai labarin ya sauya hannu. An koma bayan yaƙin Japan da Rasha na 1904 zuwa 1905, an kama ta an yanke mata hukuncin kisa, shugaban 'yan sandan ciki ya kuɓutar da ita bisa sharaɗin ta shiga gidan wani mai aƙidar rushe hukuma, Ransui, a matsayin 'yar aiki, ta sato wata takarda da za ta iya tona asirin manya. Ta saurari mutumin, ta koma bayansa. Juzo Itami ne ya fito a Ransui, shekaru kafin ya zama daraktan da ya yi Tampopo, Yoshio Harada kuma ya fito a ɗan uwansa, likitan da ke zaune a unguwar matalauta. Duk wanda ya san yadda gwamnatin Meiji ta rataye Kotoku Shusui, shi ma mai aƙidar rushe hukuma, da abokansa a 1911 bisa zargin cin amanar sarki zai gane inuwar da ke bayan labarin, haka ma wanda ya tuna cewa an yi fim ɗin ne jim kaɗan bayan gwagwarmayar ɗaliban Japan ta watse cikin jini a farkon shekarun 1970.

Matsalar ita ce Yuki ta zama baƙuwa a fim ɗinta. Fansar ba tata ba ce, rigimar ta 'yan uwa biyu ce da hukuma, ita kuma tana tsaye a gefe tana jiran a zo wurin da za a bukaci takobi. Muguntar ma ta canja launi, ta tashi daga feshin jinin da ya yi kama da zane ta koma duka da azabtarwa a ɗakin 'yan sanda, da allurar cutar annoba, da ƙona unguwar talakawa, abubuwan da suka fi nauyi a zuciya amma ba su da kyan gani irin na farko. Tatsuo Suzuki ne ya ɗauki hoton wannan karon, aikinsa mai kyau ne, faifan kuma ya fito da shi tsaf, har ma na ga launinsa ya fi na fim na farko daidaito. Fim ne da za a kalla sau ɗaya da sha'awa, a sake kallon buɗewarsa sau da yawa.

Kayan ƙarin su ne hira da Kazuo Koike, hira da marubucin fim ɗin Norio Osada, tallan finafinan biyu na asali, da maƙalar Howard Hampton a takardar da ke cikin kwalin. Hirarrakin an yi su ne musamman don wannan bugu, kuma darajarsu ta ƙaru tunda Koike ya rasu a 2019. Ta Osada ta fi tsawo kuma ta fi amfani ga mai son sanin yadda aka mayar da littafin zane fim. Fujita ya rasu tun 1997, saboda haka ba a yi tsammanin jin ta bakinsa ba, amma rashin Meiko Kaji a faifan da hotonta ne ke sayar da shi abu ne mai wuyar haɗiyewa. Babu sharhin da ke bin fim daga farko zuwa ƙarshe, babu shafukan littafin Kamimura da za a kwatanta da abin da aka ɗauka, alhali fim ɗin da kansa yana saka zane-zane a tsakiyar labari. Maƙalar Hampton tana da daɗin karatu, sai dai ta fi zama yabon masoyi da ke magana da waɗanda suka riga suka san fagen.

Akwai kuma abin da mai saye daga nahiyarmu ya wajaba ya sani tun kafin ya biya. Bugun Amurka na wannan faifai a kulle yake ga yankin A, wato nahiyar Amurka da Japan da wasu ƙasashen gabashin Asiya, alhali Afirka da Turai suna yankin B. Na'urar Blu-ray da aka sayo daga Ingila ko Dubai, ko na'urar wasan PlayStation ta wannan yanki, za ta ƙi karanta shi, sai dai in mutum yana da wadda aka buɗe ta karɓi kowane yanki. Manhajar kallo ta kamfanin, Criterion Channel, ita ma a Amurka da Kanada kaɗai take aiki. Wanda na'urarsa ta yankin B ce, bugun Arrow shi ne zai yi masa aiki idan ya same shi, ya haƙura da hoto mai ɗan duhu. Wanda kuma yake da na'urar da ta dace, kuma yana da mai taho masa da saƙo daga Amurka, ya jira watan Yuli ko Nuwamba, lokacin da shagunan Barnes & Noble na can suka saba karya farashin faya-fayan Criterion da rabi, domin a dala 20 babu abin da za a yi jayayya a kai, ko da mutum fim na farko kaɗai zai riƙa kunnawa.